Damisar da Ta Cinye Ciyaman

Wallahi ba za ku yarda da abin da zan faɗa muku ba, kuma ba zan ga laifinku ba. Ni kaina da aka haska min shi a bango, a gaban jama'a, sai da na ce a ƙara haske.

Saura-Ƙiris ake ce min. Mahassada ne suka laƙaba min, wai don duk wanda ya tambaye ni ina aka kwana a karatu sai in ce saura ƙiris in gama. To ai gaskiya ce. Na shiga jami'a, na zauna a aji, har na san inda ake sayar da abinci mai araha. Abin da ya raba mu da malamai shi ne, su suna so a riƙa zuba musu ilimi a takarda, ni kuwa nawa mai kunya ne, ba ya fitowa in ana kallonsa.

Yayata ce ta gama nata har ta zarce. Dokta ce a kan daji da duk abin da ke rarrafe a cikinsa. Shekara da shekaru tana ƙulla magana da wani Farfesa na wata jami'a a ƙetaren teku, a kan ya riƙa kawo ɗalibansa su haɗu da nata, su yi darasi a dajin da ke bayan unguwarmu. Jami'arta tana da 'yar tashar bincike a bakin dajin: ɗakunan kwana, ɗakin gwaji, rumfa, da tankin ruwa mai yoyo. Wannan zuwan na gwaji ne. In ya yi kyau, a ƙarshensa a sa hannu a yarjejeniya, baƙi su riƙa zuwa duk shekara, a gyara tasha, masu zarto su haƙura da dajin. In bai yi ba, wahalar Yaya ta tashi a banza, daji kuma ya zama ƙofofi da kujeru.

Mama ce ta sa baki aka ɗauke ni.

"Ki tafi da ƙaninki ko jaka ya riƙa ɗaukar muku," in ji ta. "Zaman nan da yake yi ya fara lotsa min kujera."

Yaya ta dube ni sama da ƙasa. "Ka ɗauki kaya, ka ajiye kaya. Tsakanin ɗauka da ajiyewa ban da magana."

"Yaya, baƙi fa suna buƙatar wanda ya san daji."

"Kai da kake gudun ƙadangare?"

"Ba gudu nake ba. Hanya nake ba shi."

Baƙi suka iso jajur da su, kowa da jaka kamar zai yi ƙaura. Farfesan tsoho ne dogo, da wata malfa da ban taɓa ganin ya cire ba, sai muka sa masa Mai Malfa. Gwanin tururuwa ne. Zai iya taka giwa bai gani ba, amma in tururuwa ta yi tuntuɓe sai ya tsaya ya yi mata sannu. A cikin ɗalibansa akwai wata siririya mai gilashi, ko gaishe ta ka yi sai ta nemi dalili. Ita ce Me-Ya-Sa.

Aikin farko da aka ba ni shi ne ɗaure wasu ƙananan akwatuna a jikin bishiyoyi. Yaya ta ce daidai gwiwa, su fuskanci hanya. Ban tambaye ta ko na mene ne ba, don tambaya ta wanda bai sani ba ce. Kallo ɗaya na yi musu na gane na auna iska ne. Haka na bayyana wa Mai Askin unguwarmu da yamma, ya jinjina kai ya ce ilimi kogi ne.

Sai aka fara darasi, kunya ta kama ni. Mutane sun tsallako teku, sun bar iyayensu, sun zo sun durƙusa suna kallon buzuzu yana tura kashi. Su tara busassun ganye su auna. Su kama kwaɗo, su duba cikinsa, su ba shi haƙuri su sake shi. Kullum kuma sai an tsinto kashin dabbobi a leda, a kawo tasha a wanke a rariya, a ga me suka ci. Na ce a raina, in da ni ne baƙo aka yi min wannan tarbar, ko gaisuwa ba zan sake aikowa ba.

Ban yi ƙarya ba kuwa. Ina wucewa da jarka ta bayan rumfa na ji Mai Malfa yana ce wa Yaya, "Akwai wani daji a wata ƙasa da shugabanninmu suka fi so. Can akwai manyan dabbobi, iyaye kuma suna son hoto. Amma ni..."

Ban tsaya jin sauran ba. Mai hankali rabin magana ya ishe shi. Na dai ga fuskar Yaya, irin wadda take yi in Mama ba ta da lafiya. Nan take na yanke shawara: dajin nan yana buƙatar damisa. Tsofaffi sun ce rabon da a ga damisa a nan tun kafin a yi titi. To, abin da babu ai kawo shi ake yi.

Allah ya taimake ni, washegari Yaya ta tafi birni don ta bi takardar yarjejeniya ofis-ofis, kuma kun san duk wanda ake neman sa hannunsa yana taro. Kafin ta shiga mota ta nuna ni da yatsa.

"Ɗauka da ajiyewa."

"Ki tafi hankali kwance, Yaya. Daji yana hannuna."

"Abin da ke tayar min da hankali ke nan."

Na kama kyanwar Mama na danna ƙafarta a kan sabulu mai laushi, ta biya ni da yakushi. Na kai wa Mai Faci samfurin, na ce ya yanko min irinsa a tsohuwar taya, amma girman tafin hannuna.

"Me za ka yi da shi?"

"Bincike."

"Na ga alama," in ji shi, ya kafe min shi da ƙusa a kan sandar tsintsiya.

Da tsakar rana, lokacin da baƙi suke kwance kamar wanki, na sulale bakin rafi na jera sawu a laka, tiryan-tiryan har gindin wata katuwar bishiya. Aiki ya yi kyau. Ni da na yi shi sai da na waiga, ko tana bayana.

Da yamma na bi da su ta wurin, na tsaya cak, na ɗaga hannu, na shinshina iska.

"Kowa ya tsaya. Ta wuce nan."

"Wa?" in ji Me-Ya-Sa.

"Ba a kiran sunanta a daji."

Suka yi cirko-cirko, suka fito da ma'auni. Me-Ya-Sa ta durƙusa, ta daɗe tana kallo.

"Me ya sa duk ƙafar dama ce?"

"Damisar dajinmu mai tattali ce," na ce. "Ɗaya take takawa, sauran tana adana su don ranar gudu."

Ta dama wani farin gari ta zuba a sawun, ya daskare, ta ɗago shi. "Me ya sa tafin yake da zane kamar taya?"

"Titi ta tsallako."

Mai Malfa ya sunkuya ya leƙa, a hanya ya tsaya ya gaisa da wata tururuwa. "Ni duk abin da ya fi ƙwayar shinkafa girma ba fannina ba ne," in ji shi. "Amma sawu ba hujja ba ne. Sai an sami kashinta. Mai cin nama ba ya iya ɓoye abin da ya ci, gashin yana fitowa a ciki."

Na ce wannan ƙaramin abu ne.

Kuskure ɗaya da zan iya cewa an yi, kuma ba nawa ba ne, na Mai Aski ne: bakinsa ba shi da murfi. Ni dai kawai na ba shi labarin yadda muka haɗa ido da ita, ta yi gurnani, na yi gyaran murya, ta sunkuyar da kai ta wuce. Kafin gari ya waye unguwa ta ɗauka. Yara suka daina zuwa ɗiban ruwa. Mai shayi ya ce ya ji kukanta. Maƙwabciyarmu, Inna Mai Awaki, ta kwashe awakinta kaf ta kulle a ɗakin kwananta, ita ta koma falo.

Ciyaman ɗin unguwa ya fito da sanarwa cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, shi ma ya sa an ƙara wa katangarsa kwalabe. Ciyaman ya kusa sa'an kakana, amma gashin kansa baƙi wuluk kamar gindin tukunya. In an yi magana sai ya ce gado ne, su a gidansu ba sa furfura, kuma wanda zuciyarsa take fari kansa ba ya fari. Da wannan gashin ya ci zaɓe.

Na je na ƙwanƙwasa wa Inna.

"Inna, gashin akuya nake so, ɗan kaɗan."

Ta leƙo ta taga, wata akuya ta leƙo ta ƙarƙashin hammatarta. "Damisa tana yawo a gari, kai kana neman gashin akuya? Ita ta aiko ka ɗanɗano?"

"Bincike ne, Inna."

"Binciken da ka yi a jami'a ma mun ga sakamakonsa." Ta rufe taga.

Na zagaye unguwa, babu akuya ko ɗaya a waje. Ko tunkiya babu. Kyanwar Mama kuwa tun ranar sabulu ba ma magana. Ina tsaye ina tunani sai idona ya faɗa cikin shagon Mai Aski, ga gashi nan tuli a ƙasa, kyauta, ba mai nema. Na ce gashi ai gashi ne.

"Kawo tsintsiya in share maka shago."

Mai Aski ya ajiye almakashi. "Lafiya? Ko Mama ce ta kore ka?"

"Lada nake nema."

"Ikon Allah. Damisar nan ta zo da alheri."

Sauran kayan haɗin na samo su ne daga karen mai gadin tasha, wanda ya ba da gudummawa ba tare da an roƙe shi ba. Ba zan faɗi yadda aka yi haɗin ba, sirrin sana'a ne, kuma wataƙila wani yana cin abinci. Na dai ajiye shi a kan hanya, na bar rana ta yi masa ado, sannan na sake bi da baƙi ta wurin na shinshina iska. A wannan karon ban sha wahalar shinshinawa ba.

Suka ɗauka da safar hannu kamar zinariya. A tasha suka wanke a rariya, suka tsame gashin, suka shanya, Me-Ya-Sa ta sa sili ɗaya a na'urar ƙara girma ta kafa ido. Na jingina da ƙofa ina jiran yabo.

Can ta ɗago kai.

"Farfesa," in ji ta, "gashin mutum ne."

Mai Malfa ya leƙa. Ya sake leƙawa. Sai ya cire malfa. Ashe sanƙo ne da shi.

"Kowa ya haɗa kayansa," in ji shi. "Dokar jami'armu ce. In akwai dabbar da ke cin mutane, ɗalibai ba sa kwana biyu a wurin. Gobe mota za ta zo."

"To yarjejeniyar fa?" na tambaya.

"Babu wanda zai bar ni in sa hannu."

"Amma ba manyan dabbobi kuke so ba?"

"Shugabannina ke so, a hoto. Ni na zaɓi nan ne saboda babu abin da zai iya cinye min ɗalibi. Haka na gaya wa yayarka."

Kun ji illar mutumin da ba ya fara magana da muhimmin wuri.

Mai Malfa ya kira Yaya a waya. Ina jin muryarta daga inda nake, ba ta yi ihu ba, ba ta yi salati ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Ina ƙanina?" Na yi masa alama da hannu cewa na tafi ɗiban ruwa.

Mai gadi ya kai labari unguwa. Ciyaman ya ba da umarni kowa ya ƙirga mutanen gidansa. Aka ƙirga, aka sake ƙirgawa, kowa ya cika, har wani gida aka sami ƙari. Sai matar wani direba ta tuna mijinta bai dawo ba, ta fasa kuka, mata suka taru. Can sai ga shi da ledar burodi. Da ya ga kukansa ake yi, ya sami kujera a baya ya zauna yana saurare. Daga baya ya ce bai taɓa sanin yana da kirki haka ba.

Da wani ne a matsayina, da ya rikice. Ni kuwa sai kaina ya ƙara buɗewa. Tunda ni na kawo damisa, ni zan sallame ta. In aka ga sawunta ta bar unguwa, ta tsallake rafi ta yi gaba, shi ke nan, ta yi ƙaura, kowa ya kwance kayansa.

Na ɗauki sandata na nufi rafi. Dabarar ita ce in fara daga bakin ruwa in riƙa tafiya da baya-baya zuwa gida, ina buga sawu ina share nawa da reshe. Sai na yi lissafi: tunda da baya nake tafiya, dole ita ma ƙafar a juya ta. Lissafi ne mai sauƙi, ko ɗan firamare ya sani. Na juya ta. Inda rassa suka yi ƙasa na rarrafa. Ƙaya ta yaga min wando. Cinnaku suka shiga inda ba a gayyace su ba, na tsaya na yi 'yar rawa. A gaban ɗaya daga cikin akwatunan auna iska na tsaya na duba fuskata a ɗan gilashinsa, na gyara hula. Ban bari ba sai da laka ta ƙare, daidai bayan katangar Ciyaman.

Da safe ihu ne ya tashe ni. An ga sawu. Damisa ta fito daga rafi, ta miƙe ɗoɗar, ba ta ratse ko'ina ba, ta tsaya a bayan gidan Ciyaman. Har yanzu ina ganin lissafina daidai ne, lakar ce ta karkace.

Kafin hantsi unguwa kaf ta hallara a rumfar tasha, masu adda, masu taɓarya, Inna da akuya ɗaya a goye, wai ita ce mai ciki. Motar baƙi tana tsaye, an fara loda jakunkuna. Ciyaman ya hau benci, gashinsa yana sheƙi.

"Ni take nema," in ji shi. "Ta san kan unguwa. Kuma kafin baƙin nan su zo suna tone-tone ba mu san damisa ba. Su tafi, a sare dajin, kowa ya huta!"

Jama'a suka ce haka ne. Ana cikin haka Yaya ta sauka daga tasi, takarda a hammata, idanunta ja. Ba ta gaishe ni ba. Ta shiga ɗakin gwaji ta leƙa na'ura, ta juya farin sawun nan a hannunta, ta aiki ɗalibanta daji da gudu, sannan ta fito.

"Ranka ya daɗe, a ba wannan ɗalibar dama ta faɗi abin da ta gani."

Me-Ya-Sa ta gyara gilashi, Yaya tana fassarawa. "Gashin na mutum ɗaya ne, yawancinsa. Kowane sili yankakke ne sama da ƙasa, sumul. Me ya sa damisa za ta yi amfani da almakashi?"

"Ta waye," na ce daga baya. Ba wanda ya juyo.

"Kuma kowane sili gindinsa fari ne fat, samansa baƙi. Rini ne."

Ciyaman ya buga ƙafa a benci. "Madalla! Yanzu za mu san wanda aka cinye. Wane ne mai rina gashi a unguwar nan? Mai Aski, kai ka san kan kowa. Faɗi!"

Mai Aski ya dubi ƙasa. "Ranka ya daɗe, sana'a tana da amana."

"Ana maganar rai kana maganar amana? Na umarce ka!"

"A bar maganar, ranka ya daɗe."

"In ba ka faɗa ba yau shagonka ya rufu. Wa aka cinye?"

Mai Aski ya share gumi. "Kai ne, ranka ya daɗe."

Akuyar Inna ce kaɗai ta yi magana.

"Allah ya jiƙan Ciyaman," in ji direban nan daga baya. "Zauna ka ji, ranka ya daɗe, akwai daɗi."

Ciyaman ya sauko daga benci a hankali, ya karɓi hular wani ya sa.

"Amma yaya aka yi gashin shagona ya shiga cikin damisa?" in ji Mai Aski. Sai ya tsaya. Ya juyo. "Wa ya share min shago?"

Na lura ana buƙatar ruwa a tanki, na ɗauki jarka. Mai Faci ya riƙe min riga. "Tsaya, Malam Bincike."

Ɗaliban Yaya suka dawo da akwatunan auna iska. Aka rataya farin zanin gado a bango, aka jona waya, aka kunna na'ura. A nan na fara jin cewa wai kyamarori ne, duk abin da ya gifta sai su ɗauke shi. Ban ga dalilin da zai sa a yi kyamara ba a rubuta mata suna a goshi ba.

Hoton farko gada ce. Na biyu gafiya. Na uku wani mutum ne da sandar tsintsiya, ya sunkuya yana danna ta a laka, harshe a waje.

"A ƙara haske," na ce.

Aka ƙara.

"Ya yi kama da ni. Amma a daji kamanni suna da yawa."

Aka wuce gaba. Ga mutumin yana ajiye wani abu a hanya, ya toshe hanci. Ga shi yana rarrafe da baya, wando a yage. Ga shi ƙafa ɗaya a sama, hannu biyu cikin wando, baki buɗe. Na ƙarshe fuska ce ta cika zanin gadon kaf, tana gyara hula, tana murmushi.

"Wannan kam ɗan Mama ne," in ji Inna. "Ni na yi masa wankan farko."

Dariyar da aka yi ba ta da tarbiyya. Har baƙi, da aka ce suna da ladabi. Yaya ce kaɗai ba ta yi ba. Ta juya wajen Mai Malfa.

"Farfesa, ƙanina ne. Ni na kawo shi. In ka ce ka fasa, ba zan ce komai ba."

Mai Malfa ya daɗe yana kallon fuskata a bango. "Jami'ata za ta nemi hujjar cewa babu mai cin mutane a nan," in ji shi. "Ina ganin wannan ta isa. Kuma ɗalibaina sun koyi abin da na kasa koya musu a aji: kada ka yarda da sawu don kana so ya zama gaskiya. Zan sa hannu. Sharaɗina ɗaya, a bar min hotunan. Da su zan riƙa buɗe darasi duk shekara."

"Har da na cinnaku?" na tambaya.

"Musamman shi. Fannina ne."

Ya mayar da malfarsa, ya sa hannu. Yaya ta sa nata, ta zauna a kan jarkata, ta rufe fuska da tafin hannu. Na matsa don ta yi min godiya. Ta ɗago.

"Daga yau duk kashin da aka tsinto a dajin nan kai za ka wanke. Bana, baɗi, har ranar da ka gama digiri."

"Yaya, ai saura..."

"Na sani."

Inna ta ce awakinta sun rame a kulle, sun kuma cinye mata katifa, don haka ciyawarsu tana wuyana har su mayar da jiki. Mai Faci ya ce shi tayarsa kawai yake so a dawo masa, don sunansa ya fita daga maganar. Sai Ciyaman ya yi gyaran murya daga ƙarƙashin hular aro.

"Gashi ya ɗauka," in ji shi. "Gashi zai biya."

Aka ɗora ni a bencin da ya sauka. Mai Aski ya ɗaura min zanin gadon a wuya, fuskata tana haskawa a ƙirjina. Ya ce yau kyauta ne, lada yake nema. Me-Ya-Sa ta tsugunna a gabana da leda tana tare gashin da ke zubowa, wai za ta ajiye don gwadawa, ko damisar ta dawo.

"Me ya sa ka yi?" ta tambaye ni.

"Ki duba da kyau," na ce. "An sa hannu ko ba a sa ba?"

Aska ta hau tsakiyar kaina, iska ta fara shiga inda ba ta taɓa shiga ba. Mai gadi ya zo ya ajiye min rariya da bokiti a gefen ƙafa, karensa yana biye da shi yana kaɗa wutsiya kamar tsohon abokin aiki. Ku yi dariyarku. Amma ku je ku tambayi masana na gida da na ƙetare: tun da aka yi titi, damisa ɗaya tak aka taɓa ɗauka a hoto a dajin nan, kuma ni ne.